Tarkon 'yan sanda a intanet: tsarin Amurka da na Ingila

Ɗan sanda ya buɗe shafi da sunan bogi, ya yi ta jan mutum da hira har ya aikata laifi. Wanda aka kama zai iya cewa tarko aka ɗana masa?

A kotunan tarayyar Amurka zai iya, in ya yi nasara kuma a sallame shi. Sai dai halinsa ake dubawa: da ma yana da niyyar, ko jami'i ne ya dasa masa ita? A shari'ar Jacobson ta 1992, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa Jacobson saboda jami'ai sun shafe wata 26 suna aika masa wasiƙu kafin ya faɗa tarkon. Illar tsarin, da zarar mutum ya ce tarko ne, ya ba masu gabatar da ƙara damar tono tsohon halinsa.

Ingila kuwa ba ta ɗauki tarko a matsayin hujjar kare kai ba. Bisa hukuncin Looseley na 2001, aikin 'yan sanda alƙali yake aunawa. In sun wuce ba da dama suka shiga ƙirƙirar laifi, sai ya dakatar da shari'ar. A ganina wannan ya fi dacewa da intanet, tunda hirar tana nan a rubuce, ana ganin wanda ya fara da wanda ya nace.