Boris Karloff a faifan Blu-ray: abin da ƙunshin dodannin Universal ya nuna da abin da ya bari

Ƙunshin Universal Classic Monsters: The Essential Collection ya fito ne a 2012, faifai takwas, fim takwas, daga Dracula na 1931 zuwa Creature from the Black Lagoon na 1954. Wanda zai saya don Boris Karloff, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodon Frankenstein, ya sani tun daga farko cewa uku ne kacal nasa a ciki: Frankenstein na 1931, The Mummy na 1932, da Bride of Frankenstein na 1935. Na kalli ukun a jere, kuma a ganina su kaɗai sun biya kuɗin ƙunshin, muddin an saita talabijin yadda ya kamata.

Abin da gyaran hoton ya fito da shi fili shi ne fuskar mutumin a ƙarƙashin kwalliya. A tsofaffin kaset da kwafe-kwafen da ke yawo a intanet, kan dodon Frankenstein dunƙulen toka ne kawai mai ramuka biyu baƙaƙe. A nan ana ganin ƙwayar ido tana motsi. Dubi shigowarsa ta farko: ya turo ƙofa da baya, ya juyo a hankali, darakta James Whale ya yanko hoton yana matsowa kusa da fuskar mataki-mataki. Jim kaɗan aka buɗe tagar rufi, haske ya sauko, ya ɗaga hannu biyu yana son kama shi. Da aka rufe, sai hannayen suka dawo ƙasa a buɗe suna rawa, kamar na yaron da aka ƙwace wa abu bai san laifinsa ba. Bai furta kalma ko ɗaya ba a duk fim ɗin. Nan ne gwanintar take, kuma sai da hoto mai tsabta ake gane ta.

Sunan Karloff na yanka William Henry Pratt, haifaffen Landan a 1887. Ya tafi Kanada a 1909, ya yi shekaru yana bin ƙungiyoyin wasan daɓe gari-gari, yana haɗawa da leburanci da tuƙin babbar mota idan aiki ya yanke. Ya fito a fina-finai kusan tamanin kafin wannan, galibi a ƙananan matsayi. Yana da shekara 43 aka ɗauki Frankenstein, kuma a jerin sunayen farkon fim alamar tambaya aka sa a gurbin sunansa.

Kwalliyar aikin Jack Pierce ce, kuma kullum sai an sake gina ta daga tushe, wajen awa huɗu. Ana jera auduga ana shafe ta da kolodiyan, wani ruwa mai danƙo da ke bushewa ya yi tauri, har goshi ya tudu, saman kai ya baje. An ɗora kaki a fatar ido don ta yi nauyi ta rufe rabin idon. Karloff ya cire haƙoran roba da ke gefen dama na bakinsa, kumatun ya lotsa. Ƙarafan nan biyu na wuya ba kusoshi ba ne kamar yadda ake yawan faɗa, mashigar lantarki ce. An rage tsawon hannun kwat don hannayensa su yi kamar sun zarce, aka sa masa takalman masu zuba kwalta, masu nauyi da tudun ƙasa, shi ya sa tafiyar take da jan ƙafa. A wannan faifan har saƙar audugar kana iya hangowa a gefen goshi idan haske ya bugo. Wasu za su ce asiri ya tonu. Ni dai ƙara mini girman aikin ya yi.

Fim ɗin cikakke ne, minti saba'in da ɗoriya. An maido da wurin da dodon ya jefa ƙaramar yarinya Maria cikin tafki yana zaton za ta yi iyo kamar furannin da suke wasa da su. Masu tace fina-finai sun yanke shi shekaru da dama, yankan kuma ɓarna ya yi: in ba a ga firgicin dodon bayan ta nutse ba, sai a ɗauka da gangan ya yi.

The Mummy ya fi sanyi, wanda ya zo neman guje-guje zai yi hamma. Gawar da aka naɗe da bandeji 'yan mintuna kawai take bayyana a farko, duk da kwalliyarta ta ci kusan awa takwas. Ido ya buɗe kaɗan, hannu ya zame daga ƙirji, sai jelar bandeji tana jan ƙasa ta fice ta ƙofa. Sauran fim ɗin Karloff yana tsaye ne ƙiƙam a matsayin Ardath Bey, wato gawar nan da ta farfaɗo ta ɓad da kama, da busasshiyar fuska da murya ƙasa-ƙasa. Darakta Karl Freund tsohon mai ɗaukar hoto ne daga Jamus, kuma ya san inda zai ajiye haske a kan idon nan.

A Bride of Frankenstein dodon ya fara magana, abin da Karloff bai so ba. Akwai dalili na zahiri da ido ke gani: tunda zai yi magana dole ya mayar da haƙoransa, sai fuskar ta cika, ramar nan ta gawa ta ragu. Duk da haka zamansa da makahon tsoho mai goge, ana koya masa sunan burodi da aboki, ya fi komai taɓa zuciya a ƙunshin. Kiɗan Franz Waxman ma ya fito tas.

Sai batun saiti, don a nan ake ɓata kallon. Faifan Blu-ray ba ya yi a na'urar DVD. A duba harafin yanki a bayan kwali kafin a biya: Afirka da Turai B ne, Amurka A, kuma faifan da aka kulle wa A ba zai buɗe a na'urar B ba. Hoton kusan murabba'i ne, 4:3, don haka baƙin gefe dama da hagu daidai ne. In aka ja shi ya cika allo, dodon zai gajarce ya yi ƙiba. A kashe abin santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony kuma Motionflow, domin fim ɗin hoto 24 ne a daƙiƙa, talabijin kuwa ƙirƙiro na tsakani take yi, sai tafiyar nan mai nauyi ta koma sulɓi. A kashe mai goge ɗige-ɗigen hoto, a rage kaifi. Ɗige-ɗigen na asalin fim ne, in aka goge su fata takan zama kamar roba, saƙar kwalliyar ta ɓace. A kalla cikin duhu, kada a ƙure haske, in ba haka ba baƙi ya koma toka. Sauti hanya ɗaya ce, kada a tilasta masa zagaye ɗaki. Frankenstein ba shi da kiɗa a tsakiyarsa, shirun da ɗan huci da za a ji ba lalacewar faifai ba ne.

Cikin ƙarin abubuwan da ke faifan akwai shirin tarihin Karloff da na Jack Pierce, da sharhin masana da ake kunnawa a kan fim. Duk da Turanci suke, akwai rubutu a ƙasan allo ga fina-finan.

Inda ƙunshin ya gaza shi ne ya tsayar da mutumin a 1935, alhali ya yi aiki har kusan rasuwarsa a 1969 yana da shekara 81, da ciwon baya da na huhu. Babu Son of Frankenstein na 1939, fim na uku da ya sa rigar dodon. Babu The Black Cat na 1934 inda suka kara da Bela Lugosi, jarumin Dracula. The Body Snatcher na 1945, wanda nake ganin a nan ya fi nuna iya magana da mugun murmushi ba tare da wata kwalliya mai nauyi ba, na kamfanin RKO ne, sai an neme shi daban. Babu kuma Targets na 1968, inda ya fito a tsohon jarumin fim ɗin ban tsoro da ke shirin ajiye aiki. In kuɗin ƙari na faifai ɗaya ne, a fara da na 1945.