Tsakuwa ta ɓantare fentin mota: wane gyara za ka zaɓa idan kun haɗa kai don neman ragi?

Duk mai bin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun da aka fara sake gina ta a 2018 ya san wannan ƙarar: ƙas! a kan bonet, daidai lokacin da tifa ɗauke da tsakuwa ta gifta, ko kana biye da tirela a inda aka karkatar da hanya. Sai an wanke mota ɓarnar ke bayyana, ɗigo-ɗigo a goshin bonet, a bamba, a bayan madubin gefe. Akan samu abokan aiki ko maƙwabta su haɗa motocinsu su kai wa mai fenti guda don ya yi musu ragi. Ina goyon bayan wannan dabara ɗari bisa ɗari, da sharaɗi ɗaya: kowa ya san aikin da motarsa ke buƙata kafin a zauna ciniki, kada a yi wa kowa kuɗin goro.

Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani hawa-hawa ne. Akwai shafin kare ƙarfe daga tsatsa, sai firaima, wato shafin da launi ke zama a kai, sai launi, sai kiliya mai sheƙi a sama, kuma duka kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, abin da bai fi silin gashi ɗaya ko biyu ba. Don ka gane zurfin tabon, ɗiga ruwa a wurin. Idan tabon ya ɓace yana jiƙe, kiliya kawai ta ƙarzu, goga da man foli ya wadatar. Idan ka ga toka-toka, ya kai firaima. Idan kuwa ƙarfe ne ke ƙyalli, ko ya fara ja, to tsatsa ta samu ƙofa, kuma damina ɗaya ta isa ta shiga ƙarƙashin fenti ta kumbura shi. Bamba roba ce a yawancin motoci, ba ta tsatsa, don haka nata zai iya jira.

Gyara mafi sauƙin kuɗi shi ne ɗiga fenti da alƙalamin fenti ko ɗan siririn buroshi. A wanke wurin, a goge maiƙo, a kankare tsatsar da ta fara, a sa ɗigon firaima in ƙarfe ya fito, sannan launi kaɗan-kaɗan, ana bari kowane shafi ya bushe, a rufe da kiliya. Tsinken sakace ya fi buroshin da ke zuwa a murfin kwalba iya wannan aiki, don buroshin yana kwaso fenti da yawa ya bar ƙulli. Gaskiyar magana, in ka sunkuya za ka ga wurin. Daga taku biyu ko uku kuwa ba kowa zai lura ba, musamman a farar mota ko baƙa. Launin azurfa da sauran masu ƙyalƙyali sun fi wuya, domin ƙwayoyin da ke ciki ba sa kwanciya da buroshi yadda suke kwanciya da feshi.

Duk wannan ya dogara ga lambar launi. A Toyota tana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 1F7 azurfa, 202 baƙi, 070 kuma farin lu'ulu'u mai hawa uku, wanda daidaita shi ke ba masu fenti wahala. A Honda za ka ga irin NH-731P. Mai fentin da ya ce ba ya buƙatar lamba, da ido zai haɗa, ka nemi ya fesa a guntun kwano ku kara da mota a rana tsaka. Ko da lambar ma a yi wannan gwaji, don ranarmu tana kodar da fenti, kuma motar da ta shekara goma ba ta nan a launin ranar da aka ƙera ta.

Gyara na biyu shi ne feshin wuri kaɗan, a goge da sanfefa, a fesa, a saje gefen da tsohon fenti. Ya dace da kusurwar bamba ko ƙasan fenda. A tsakiyar bonet ban ba da shawararsa ba: shimfiɗaɗɗen wuri ne da rana ke duka kai tsaye, kuma iyakar sabuwar kiliya kan fito kamar zobe bayan wani lokaci.

Na uku, fesa bonet ko bamba gaba ɗaya a ɗakin gashi, wanda masu aikin ke kira oben. Shi ne ya fi kyau a ido, ya fi tsada, kuma idan tabon ya yi yawa har ya kasa ƙirguwa, babu wata mafita sai shi. Amma a nan nake so mutane su dakata su yi tunani. A kasuwar motocinmu kalmar fes bodi, wato motar da har yanzu fentin kamfani ne a jikinta, kuɗi ce. Dillali zai shafa gefen bonet, ya leƙa robar gilashi ko feshi ya taɓa ta, wasu ma suna da na'urar auna kaurin fenti. Da ya gano an sake feshi, zargin haɗari zai fara, farashi ya sauka, ko da tsakuwa ce kawai sanadi. Mutumin da ke da tabo biyar ko shida ya biye wa abokai ya fesa bonet duka don ragi ya yi daɗi, ya sayar da abu mai daraja ne ya sayi mai araha. Wannan yana ci mini rai, domin ba a dawo da fentin kamfani.

To ina ragin gaskiya yake fitowa? Daga abin da ake rabawa. Haɗa launi yana da mafi ƙarancin adadin da za a iya aunawa, kuma ɗan abin da aka haɗa zai ishi motoci da dama masu lamba ɗaya. Corolla da Camry masu 1F7 ko 040 sun cika gari. Kunna oben da janareta na cin dizal iri ɗaya ko bonet ɗaya aka sa ko huɗu. Gwangwanin kiliya da ruwan da ke daskarar da ita, da zarar an gauraya su sai a yi amfani da su cikin ɗan lokaci. Ragi a kan waɗannan halal ne, mai fenti bai yi asara ba. Amma gogewa da sanfefa da rufe gilashi da takarda aikin hannu ne, mota goma aiki goma. Idan ragin ya zarce hankali, daga nan za a cire shi: a tsallake firaima, a cika sinadarin tsinka fenti, a sa kiliya maras inganci da za ta ɓare cikin shekara. Araha ba ta ado.

Ku je wurin aikin da ƙafarku, ko Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ku ga motar da ya yi wa aiki bara, ba ta jiya ba. A rubuta wa kowace mota aikinta da kuɗinta daban, da sunan fenti da kiliyar da za a sa, da wa'adin da zai gyara kyauta in ya ɓare. Kafin alƙalami ya tsaya a kuɗin kaya. A fara da mota ɗaya, kowa ya duba ta a rana, sannan sauran su biyo. Ku guji feshi a fili lokacin hunturu, ƙura za ta zauna a kiliya tun tana ɗanye.

Wanda ke yawan tafiyar nesa kuma ya tambayi kuɗin ledar kariya mai garai-garai, irin ta 3M ko XPEL, a manna a goshin bonet da bamba. Ita ma saye a dunƙule na rage mata kuɗi, tunda a naɗe take zuwa. Sai dai ba a manna ta a kan sabon fenti sai ya yi kamar wata guda, haka ma man foli; kafin nan ruwa da sabulun mota da tsumma mai laushi kawai.