Na gwada Trove wajen nemo kakan maƙwabciyata mai raƙuma

Jama'a bari in ba ku labarin Trove, shafin da babban laburaren ƙasar Ostireliya ya buɗe tun 2009, inda suka zuba tsofaffin jaridunsu tun daga na 1803, kuma kyauta ne ko sisi ba za ka biya ba. Wata uku kenan ina amfani da shi, kuma ba don kaina ba, ni dai ɗan karatu ne a Adelaide, kakannina suna can gida ba su taɓa jin sunan ƙasar nan ba ma.

Wata dattijuwa ce maƙwabciyata, Mama nake ce mata, in ka gan ta Baturiya sak, rannan ta ganni zan tafi Juma'a sai take ce min ai kakan babanta Musulmi ne, cikin mutanen da suka zo da raƙuma. Wallahi na ɗauka zolaya ce. Ashe daga wajen 1860 Turawa sun riƙa kawo raƙuma da masu kora su don kai kaya cikin hamadar tsakiyar ƙasar, ana ce musu Afghan duk da cewa da yawansu daga Balochistan da Punjab suke, yankin Pakistan ta yau. Su suka gina tsohon masallacin Adelaide da nake zuwa, kuma jirgin ƙasan nan The Ghan da ke zuwa Darwin sunansu ya ci. Kamar dai ayarin Buzaye masu ɗauko gishiri daga Bilma, sai dai su nasu kayan ulu ne da gari da kayan aikin waya.

Kafin in shigo maganar jikarta ta biya kuɗi a wani shafin neman asali, ba zan kama suna ba, wata shida suna zarar kuɗi daga katinta ba su samo komai ba sai wasu Turawan Ingila da ba su da alaƙa da su. Shi ya sa da na ce mu gwada na kyauta Mama dariya kawai ta yi.

Ranar farko mun sha wuya gaskiya. Sunan mutum ɗaya sai ka gan shi kala huɗu, wannan jaridar ta rubuta Mahomet waccan Mahomed wata Mohamed, ga kuma kwamfuta ce ta karanta tsohon bugun ta mayar da shi rubutu, inda tawada ta dushe sai ta kawo maka shirme. Abin da ya burge ni shi ne kowa zai iya gyara rubutun, ni ma har na gyara layi kusan ashirin don na baya su huta. Dabarar da ta fisshe mu ita ce rage neman sunan kaɗai, muka haɗa da sunan gari, Marree, da tsohon sunansa Hergott Springs, muka taƙaita shekaru. Sai ga shi ya fito a wani ɗan guntun labari na kotu, wai raƙumansa sun sha ruwa a inda ba a yarda ba an ci shi tara. Layi bakwai ne kacal amma Mama sai da ta sa na karanta mata sau uku.

To a nan ne zan ja kunnen duk mai son gwadawa. Jarida ba ta rubuta talaka sai ya yi laifi ko ya mutu, kuma kalmomin da suke kiran mutanen nan da su a lokacin wasu ba daɗin ji, akwai inda na tsallake ban karanta mata ba. Sannan yawancin jaridun a 1954 suka tsaya, in naka kakan bayan nan ya zo, cikin Girkawa da Italiyawan da suka kwararo ko 'yan Vietnam, ba lallai ka samu abin kirki ba.

Daga Trove muka wuce shafin National Archives, ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnatin ƙasar. Dokar shige da fice ta 1901 ta sa ana yi wa baƙo jarabawar shifta, kalma 50 da kowane harshen Turai jami'i ya ga dama, don kawai a kayar da wanda ba fari ba, sai 1958 aka soke ta. Wanda ya riga ya zauna a ƙasar in zai je gida ya dawo sai ya karɓi takardar da ta ɗauke masa jarabawar, da hotonsa gaba da gefe da kuma shatin tafin hannunsa da baƙar tawada. Mun samu ta kakan baban Mama. Rawani a kansa, gemu ya fara furfura, tafin hannun ƙato duk layukan sun fito raɗau.

Taurari huɗu na ba Trove cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda ciwon idon da na kwasa. Yanzu Mama ta dage sai mun je Marree in sanyi ya shigo, ta ce ni zan tuƙa, nan ko tafiyar kusan awa bakwai ce kuma lasisina ko shekara bai yi ba.