Maƙerin da ya tayar da bindigar kakana

Duk mai tsohuwar bindigar toka a gida, irin mai ƙanƙara, wanda ransa ke son shiga sahun 'yan bindigar hakimi ranar hawan sallah, kada ya zuba mata ko ƙwayar albarushi sai wanda ya san ta ya duba. Ni tawa gadon kakana ce, ta daɗe a rataye a rumbu, kuma wani dattijon maƙeri a ƙasar Ringim na kai wa. Tun da aka gan ni da ita a hawan bara mutane ke tambayata ina aka gyara, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani a maƙerarsa.

Bai karɓe ta ba sai da ya tambaye ni takarda. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar da ake ɗurawa ta baki a cikin waɗanda sai da lasisi, kuma daga ofishin kwamishinan 'yan sanda na jiha ake nema. Da na nuna, sai ya zura sandar ɗuri a cikin bututun, ya riƙe inda ta tsaya da ɗan yatsa, ya zaro ya gwada a jikin bututun ta waje. Sandar ba ta kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ɗan nan, bindigar nan a ɗure take." Ashe tun zamanin kaka akwai ɗuri a cikinta, yara na wasa a gindin rumbun. Ruwa ya zuba ya jiƙa shi kafin ya kwashe.

Bututun shi ya fi cin lokacinsa. Ya wanke, ya ɗaga shi saitin rana yana leƙawa, ya rataye shi da igiya ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma yana sauraro. Wanda ya tsage, in ji shi, amonsa a mace yake fita. Nawa ya tsira, tsatsa ce kawai ta ci bakinsa. A gabana ya mayar da wani saurayi da ya kawo wadda aka haɗa da bututun famfo, ya ce ko nawa zai biya ba zai taɓa ta ba, domin irinta ce ke fashewa a hannun mai ita. Wannan ƙin da ya yi ya ƙara min yarda da shi.

Sai wajen wutar, wanda ni har yanzu yake burge ni. Dutsen ƙanƙara ana naɗe shi da 'yar fata a matse a bakin ƙarfe. In ka ja kunama, dutsen ya kai wa wani ƙarfe sara, tartsatsi ya zuba a ɗan kaskon da ke da albarushi kaɗan, wutar ta bi wata 'yar huda ta shiga cikin bututu. A Faransa aka daidaita wannan dabara a farkon shekarun 1600, kuma sojojin Ingila sun yi fiye da shekara ɗari suna yaƙi da irinta kafin a canza. A nan Kano kuwa, Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi aka ce ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A tawa bindigar, ƙarfen da dutsen ke sara ya yi laushi ba ya ba da wuta, maƙerin ya sake masa horo a wuta, ya canza sifirin. Yanzu ko da rana tsaka kana ganin tartsatsin.

Abin da ya fi gyaran daraja a wurina shi ne koyarwar, kuma bai caje ni ko sisi a kanta ba. Ya hana ni zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bututu, sai a ɗan ma'auni, don in akwai ragowar garwashi a ciki gorar ce za ta tashi a hannunka. Ya hana ɗora fuska a saitin baki lokacin ɗuri. Ya hana kan ashana da garin harsashin zamani, ya ce ƙarfinsu ya fi ƙarfin bututun nan. In ka ja ba ta tashi ba, ka ci gaba da riƙe ta bakinta nesa da mutane har minti guda, don wani lokaci wutar jinkiri take yi. Mu na hawa tsumma kaɗai muke dannawa a kan albarushi, babu harsashi, amma ko tsumman yana iya raunata wanda ke kusa. Sannan wanki: ranar da ka harba, ranar za ka wanke da ruwan zafi, ka busar, ka shafa mai, domin tokar albarushi tana jan danshi, musamman da damina.

Inda zan yi ƙorafi shi ne lokaci. Ya ce sati biyu, sai da aka shiga wata na biyu, saboda da ruwa ya sauka aikin garma da fartanya ya sha kansa. Ba ya riƙe waya, sai ka bi ta hannun ɗansa. Dutsen ƙanƙara mai kyau ma yana wuya, guda biyu kawai ya iya ba ni, kuma dutse yana dakushewa bayan an yi ta harbi. Kuɗin aikinsa ya ɗara na maƙeran kasuwa, amma ban ji ciwon biya ba.

Mai niyyar zuwa ya kai tasa tun kafin azumi, da rani, lokacin da maƙera ba ta cika da kayan noma ba, kuma ya tafi da takardarsa a aljihu.