Bitar Akwatin Sayanotaif: Buga Siffar Ganye da Hasken Rana

Aikin da na ɗora wa ɗalibaina na darasin zane a zangon karatun da ya wuce shi ne su nemo siffofi a cikin halittu, su ɗauki hotunansu, sa'an nan kowa ya bayyana abin da idonsa ya gani. A makon farko hotuna suka yi ta zuwa daga wayoyinsu, kuma kusan dukkansu na furanni ne masu ɗaukar ido, an ɗauke su daga tsaye, bayansu cike da tarkacen da babu ruwansa da aikin. Da na tambayi wata ɗaliba wace siffa ce ke cikin hotonta, sai ta amsa mini da cewa ja ce. A nan na gane cewa launi ya sha gaban siffa a idonsu, kuma muddin launin yana nan, ba za su lura da gefen ganye ko yadda jijiyoyinsa suka rarrabu ba. Wannan ne dalilin da ya sa na sayi akwatin kayan sayanotaif, irin wanda ake haɗawa domin makarantu, muka yi aiki da shi har ƙarshen zangon.

Sayanotaif hanya ce ta buga hoto ba tare da kyamara ba. Ana shafa wa takarda wani ruwan magani, a bar ta ta bushe a cikin duhu, a ɗora abin da ake son siffarsa a kanta, a fitar da ita rana, daga baya a wanke ta da ruwa zalla. Duk inda rana ta taɓa yakan koma shuɗi mai duhu, inda abin ya rufe kuma ya fita fari. Masanin taurari Sir John Herschel ne ya gano hanyar a Ingila a shekarar 1842, kuma ba a yi nisa ba Anna Atkins, wadda mahaifinta abokin Herschel ne, ta ɗauke ta domin nazarin tsirrai. Daga 1843 zuwa 1853 ta buga siffofin ciyayin teku na gaɓar Birtaniya, kimanin 400, aikin da ake lissafawa a matsayin littafi na farko da aka ƙawata da hotuna maimakon zanen hannu. Na faɗa wa ɗaliban wannan tarihi tun ranar da muka buɗe akwatin, domin su san cewa abin da ke gabansu kayan aiki ne da aka soma amfani da shi a kan irin tambayar da na ba su.

A cikin akwatin akwai kwalabe 2 masu duhun launi, kowace da garin magani a ƙasanta wanda ake cika wa ruwa, da buroshi mai faɗi, da takardu masu kauri, da faranti na roba mai gani-har-hanji wanda ake danne ganye da shi, da matsai 4 na riƙe farantin, da 'yar takardar bayani. Kwalba ta farko tana ɗauke da ferik amoniyam sitiret, ta biyu kuma fotasiyam ferisayanaid. Ma'aunin da aka fi sani shi ne giram 25 na na farko a cikin mililita 100 na ruwa, da giram 10 na na biyu a cikin mililita 100, sa'an nan a haɗa su daidai wa daida a lokacin da za a yi aiki. Masu akwatin sun riga sun auna garin, saboda haka malami ba ya bukatar sikeli, kuma wannan sauƙi ne babba ga wanda ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Shawarata ita ce a zuba ruwan kwana guda kafin darasi, domin garin bai narke mana gaba ɗaya ba a cikin sa'ar farko, kuma takardun da muka shafa da gaggawa sun fito da ɗigo-ɗigo.

Yadda maganin ke aiki ba shi da wuyar bayyanawa ga ɗalibai. Hasken ultrabayolet, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, yana sauya yanayin ƙarfen da ke cikin maganin farko, shi kuma sai ya haɗu da na biyu su samar da launin da ake kira shuɗin Furusiya, wanda aka fara samu a birnin Balin na Jamus a farkon ƙarni na 18. Wannan shuɗi ba ya narkewa a ruwa, amma maganin da rana ba ta taɓa ba yana narkewa, shi ya sa wanka kaɗai ke fito da hoton. Takardar takan fara da launin kore mai ratsin rawaya, ta koma shuɗi-shuɗi a rana, sa'an nan ta yi toka-toka, kuma wannan tokar ita ce alamar cewa ta sha rana yadda ya kamata. Bayan wanka na kamar minti 5, shuɗin yakan ci gaba da duhu yayin da iska ke taɓa shi har zuwa washegari.

Inda akwatin ya fi cika alkawari shi ne daidai inda na fi bukatarsa. Da zarar launi biyu kawai suka rage, shuɗi da fari, ɗalibi ba shi da abin da zai yi magana a kai sai siffa. Wanda a da yake cewa ganye kawai, sai ya fara bambanta mai gefe sumul da mai haƙora kamar zarto, da mai tsaga kamar yatsun hannu, da wanda ƙananan ganyaye suka jeru a kan tsinkensa biyu-biyu suna fuskantar juna, da wanda suke hawa ɗaya bayan ɗaya hagu da dama. Ganye marar kauri yakan bar ɗan haske ya ratsa shi, don haka yakan fito da shuɗi mai haske a jikinsa, jijiyoyinsa kuma su fito farare, kuma a irin wannan hoto ne ɗaliban suka ga cewa jijiyoyin ciyawa suna tafiya a jere ba sa haɗuwa sai a ƙarshe, alhali na ganye mai faɗi suna rassa kamar raga. Gashin tsuntsu shi ne ya fi ba su mamaki, domin ɓangarorinsa biyu ba su yi daidai da juna ba a gashin fiffike, ɗaya ya fi ɗaya faɗi, abin da babu wanda ya lura da shi lokacin da gashin ke hannunsa. Abu na biyu da suka koya ba tare da na yi dogon bayani ba shi ne cewa filin da ke tsakanin abubuwa shi ma siffa ne. Na sha faɗin haka a gaban allo ba tare da ya shiga ba, amma da ɗalibi ya matsar da tsinken ciyawa kaɗan a kan takarda, ya ga shuɗin da ke tsakanin tsinke biyu ya tashi daga dogon layi ya koma mai kusurwa uku, magana ta ƙare.

Akwai kuma fa'idar jinkiri, wadda ban yi tsammaninta ba. Da waya, ɗalibi yakan ɗauki hoto barkatai ya ce zai zaɓa daga baya. A nan kuwa takarda ƙidayayya ce, kuma da an fitar da ita rana babu gyara, saboda haka sai ya zauna a inuwa yana juya ganyen, yana cire wani, yana tunanin inda zai bar fili.

Sai dai akwatin yana da nasa rauni, kuma wasu daga ciki sakaci ne na masu haɗa shi. Takardun ƙanana ne, kimanin rabin takardar A4, kuma reshe mai kyan siffa ba ya shiga cikinsu sai an datse shi, wanda hakan yana lalata abin da ake nema. Buroshin ya fara zubar da gashi tun a amfani na biyu, kuma duk silin da ya maƙale ya bushe yakan bar farin layi a hoton, don haka muka maye gurbinsa da buroshin soso. Farantin roba yana lanƙwasa a tsakiya idan tsinken ganye yana da kauri, kuma inda bai danne sosai ba haske yakan kutsa ta ƙarƙashi ya ɓata kaifin gefe. Gilashin firam ɗin hoto ya fi shi aiki nesa ba kusa ba, ko da yake sai an liƙe gefensa da tef saboda hannun yara. Babban abin da ya ɓata mini rai shi ne takardar bayani, wadda ta ba da lokaci guda tak na shanya, kamar dai ƙarfin rana ɗaya ne a kowane wuri da kowace sa'a. Gaskiyar magana ita ce da tsakar rana mai ƙarfi minti 5 zuwa 10 kan isa, da hadari ko da la'asar kuwa ana iya wuce minti 30. Mafita ita ce a yanki siririyar takarda, a rufe ta da kwali, a riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan duk bayan minti 2, a wanke, a ga matakin da ya fi kyau. Wannan gwaji ya kamata ya zama abu na farko a takardar bayanin, amma ko ambatonsa ba a yi ba.

Rauni mafi girma kuwa ba laifin kowa ba ne, haka hanyar take. Sayanotaif ba ya ganin komai na abu sai iya hasken da abin ya tare a kan takarda. Ƙwanson katantanwa, wanda murɗewarsa ke cikin siffofin da suka fi burge mai zane, yakan fito kamar dunƙule fari marar ma'ana. Haka nan tsarin da ganyaye ke bi suna zagaye kara, inda a tsirrai da dama kowane sabon ganye yake juyawa da kimanin digiri 137.5 daga na ƙasansa, yakan ɓace da zarar an danne reshen ya kwanta. Duk siffar da ke da zurfi, ko wadda inuwa ce ke fito da ita, ta fi ƙarfin wannan akwati. Karl Blossfeldt, wanda ya koyar da ɗaliban zane a Balin tun daga 1898, ya bi wata hanya dabam domin wannan bukata: ya ƙera kyamara da kansa wadda ke faɗaɗa tsiro har sau 30, yana ɗaukar toho da kara a gaban bango fayau, kuma hotunan da aka tattara aka buga a 1928 asalinsu kayan koyarwa ne. Wanda yake son ɗalibansa su ga irin wannan, dole ya koma ga kyamara, kuma mu ma haka muka yi a rabin zangon na biyu.

Abin da ya faranta mini rai shi ne yadda hotunan wayar suka sauya bayan makonnin da aka yi ana buga ganye. Ɗalibai suka fara ajiye abu guda a gaban farin kwali, suna durƙusawa su daidaita da shi, suna jiran hasken da ke zuwa daga gefe, wasu ma suna cire launin hoton da gangan. Daga nan muka haɗa hanyoyin biyu. Ana mayar da hoton waya baƙi da fari, a juya shi a manhajar gyaran hoto ta yadda fari zai koma baƙi, baƙi ya koma fari, a buga shi a kan ledar firinta mai gani-har-hanji, sa'an nan a ɗora ledar a kan takardar da aka shafa wa magani kamar yadda ake ɗora ganye. Ta haka katantanwar da ta gagara a farko ta fito da murɗewarta cikin shuɗi. Akwatin bai zo da wannan leda ba, kuma sai an kula a sayi wadda ta dace da irin firintar da ake da ita, domin ledar da aka yi wa firintar tawada tana iya narkewa a cikin firintar lesa mai zafi.

Game da lafiya da adanawa, maganin ba ya cikin masu haɗari sosai idan an bi ƙa'ida, amma yana rina fata da tufafi, don haka safar hannu wajibi ce, kuma ba a haɗa shi da asid mai ƙarfi ko kaɗan, domin fotasiyam ferisayanaid na iya fitar da iska mai guba a irin wannan hali. Ruwan kwalba ta farko yakan yi fumfuna idan ya daɗe, sai a tace shi kafin amfani, wanda aka riga aka haɗa kuwa ba ya ajiyuwa, saboda haka a haɗa iya abin da za a shafa a ranar. Shuɗin Furusiya ba ya jituwa da duk abin da ke da sinadarin alkali, wato kishiyar asid, shi ya sa sabulu ke kashe shi, kuma takardar da aka sa wa alli domin ta daɗe takan dusashe hoton a hankali. Idan hoto ya koɗe saboda daɗewa a haske, ajiye shi a cikin duhu na 'yan kwanaki yakan dawo da mafi yawan launinsa.

Zan sake sayen maganin a zango mai zuwa, amma kwalaben kaɗai, tun da sun ishe mu har da ragowa. Takarda zan nemi ta fentin ruwa mai girman A3, wadda ba a sa mata alli ba, tare da gilashi daidai girmanta. Malamin da bai taɓa gwada hanyar ba zai amfana da cikakken akwatin a karo na farko, da sharaɗin ya yi gwajin siririyar takarda shi kaɗai kwana guda kafin ɗalibai su shigo, kuma ya tanadi buroshin soso tun kafin na cikin akwatin ya fara zuba.