Sun rage wa gidana dala 24,000 a takarda, ni ban ga ko sisi ba

Tauraro biyu na ba kamfanin nan mai yi wa mutane jayayyar harajin gida, kuma ɗaya daga ciki na yarinyar da ke ɗaga musu waya ne, don ita kam duk faɗan da na yi ba ta taɓa ɗaga min murya ba.

Duk wanda ke da gida a jihar Texas ta Amurka ya san takardar nan ta watan Afrilu. Jiha ba ta karɓar harajin albashi, sai ƙananan hukumomi su rama a kan gidaje, kowace shekara ofishin kimantawa ya aiko maka da abin da ya ce gidanka ya kai a ranar 1 ga Janairu. Tawa ta 2025 ta zo da dala 342,000. Gida mai ɗaki uku a gefen Houston, wanda bangon falonsa ya tsage tun daga ƙofa har silin. Na karanta sau biyu na ce to, in akwai mai saye a haka ya zo yau, har labule zan bar masa.

Wani ɗan'uwa Bazazzage da muke Juma'a tare shi ya haɗa ni da su. Ya ce Alhaji kada ka wahalar da kanka, sa hannu kawai za ka yi, su je su yi maka jayayya, in ba su rage ba ba ka biyan komai. Kashi 40 cikin 100 na abin da suka ceto maka shi ne ladansu. Ni kuwa aikin dare nake a lokacin, ga wa'adin 15 ga Mayu ya matso, sai na ga ai wannan faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Rajistar minti goma ce a waya. Na sa hannu a takardar wakilci, shi ke nan.

To ni ban tsaya nan ba, don ina da hujja a hannu. Ƙasar Houston laka ce, da rani ta bushe ta ja baya, da damina ta kumbura, harsashin gida ya yi ta motsi. Ƙofar ɗakin yara sai an sa kafaɗa take rufuwa. Guguwar Beryl ta Yulin 2024 kuma ta ɗaga mana wani ɓangare na rufi, ruwa ya bar tabo kamar taswirar Nijar a silin kicin, kuma har 1 ga Janairu ba mu gyara ba, wato dole a lissafa shi. Ranar Asabar guda na ɓata a kan wannan. Na sa ƙaramar 'yata ta riƙe tef ina ɗaukar hoto, a wani wurin har kwabo muka cusa cikin tsagar don a ga faɗinta. Hoto 37. Na kira mai gyaran harsashi ya zo ya auna ya rubuta min dala 18,500. Duk na tura ta imel, aka amsa min da cewa an samu, mun gode.

Sai shiru har ƙarshen Yuni, sannan saƙo ya shigo da manyan haruffa: barka, mun yi nasara, an sauke darajar gidanka daga 342,000 zuwa 318,000. Wallahi na ji daɗi. A ranar na rubuta musu yabo, na tura wa mutum uku lambarsu. Bil ɗinsu ya biyo baya, dala 221, na biya ko gardama ban yi ba. Lissafinsu shi ne 24,000 a kan harajin unguwarmu na kusan kashi 2.3 cikin 100, sai su ɗauki kasonsu.

Hajiya ce ta gano. Ita ke riƙe da takardun gidan nan, ni tarawa kawai na iya. Da takardar haraji ta zo a ƙarshen Oktoba ta shimfiɗa ta kan teburin cin abinci kusa da ta Afrilu, ta ce, "Maigida, zo ka nuna min inda aka rage." Na nuna mata 318,000. Ta ɗora yatsa a layin ƙasa ta ce, "Wannan fa?" 308,000. A takardar Afrilu 308,000, a ta Oktoba 308,000.

Ashe lamba biyu ce a takardar, ni ta sama kawai nake kallo. Ta sama kuɗin kasuwa ne. Ta ƙasa ita ake ɗora wa haraji, kuma tunda mun yi rajistar gidan a matsayin wanda muke zaune a ciki, doka ta hana a ɗaga ta fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara. Ta 2024 280,000 ce, don haka ta 2025 ba za ta wuce 308,000 ba ko da an ce gidan ya kai miliyan. Duk ragin da bai sauka ƙasa da 308,000 ba, an yi ba a yi ba ne. Harajina bai motsa da sisi ba, ni kuma na biya ladan nasara.

Na kira su raina a ɓace. Bayan kwana huɗu aka haɗa ni da wanda ya riƙe fayil ɗina, kuma gaskiya mutumin bai yi min ƙarya ba. Ya ce rage lambar sama yana da amfani gaba, domin ta ƙasa hawa take yi duk shekara tana bin ta sama, in aka sauko da ta sama, ta ƙasa za ta tsaya da wuri. Na zauna na yi lissafi na ga da ƙamshin gaskiya: a 2026 kashi 10 a kan 308,000 zai haura 338,000, in kuwa kuɗin kasuwa ya tsaya a kusa da 318,000 to a nan za a tsaya. Ya kuma nuna min sakin layin yarjejeniyar da ya ce ana lissafa ladansu ne a kan kuɗin kasuwa. Yana nan, da sa hannuna a ƙasa. Har na fara sauka, na ce laifina ne da ban karanta ba, wataƙila ma tauraro uku ya dace da su.

Sai na tambaye shi hotunan fa, me ofishin ya ce da ya ga tsagar? Ya yi shiru, na ji yana danna kwamfuta. Ya ce ai ba a kai ga zaman kwamitin sauraron ƙorafi ba, an sasanta tun a matakin farko, a kan kwatancen gidajen unguwa. Na ce ba wannan na tambaya ba, an buɗe hotunan ko ba a buɗe ba? Ya ce suna da fayiloli da yawa a wannan lokacin.

Nan ne raina ya sake ɓaci, fiye ma da na farko. Tsakanin 318,000 da 308,000 dubu goma ce kacal, ga takardar mai gyara ta 18,500 zaune a imel ɗinsu ba wanda ya leƙa. Da an kai ta gaban kwamiti, ko ba a karɓa duka ba, akwai damar a tsallaka layin in ga ragi na gaske. Kuma da yake wakilina ya riga ya amince da sasancin, ƙofar ta rufe, ba ni da damar komawa a wannan shekarar. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, su kuwa sun ci ladan sun shafa min ruwa a kai sun wuce.

Abin da ya ƙara min haushi, maƙwabcina wani dattijo ɗan Biyetnam da Turancinsa bai kai nawa ba, da kansa ya shigar da ƙorafi ta intanet, kyauta, ya ɗauki hotunan rufinsa a ambulan ya je ya zauna gaban mutum uku na kwamitin har kwata ɗaya. Ya dawo yana dariya.

Ga kuma takardar wakilcin, ashe ba ta shekara ɗaya ba ce, tana nan har sai ka soke ta da kanka. Na cika fom na soke, yarinyar nan mai haƙuri ta tabbatar min an karɓa. Mutum ukun da na tura musu na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce su duba layin ƙasa kafin su biya. Biyu sun ce su nasu ya ragu da gaske, don ba su daɗe da sayen gidajen ba, lambobinsu biyu daidai suke. Bazazzagen kuwa har yanzu cewa yake ni ne ban yi sa'a ba.

Hotuna 37 suna nan a wayata. Jiya na sake gwada kwabon a tsagar falo, ya shige har da sarari a gefe.