Bankin gado ko babban banki: amsa ga mai fataucin albasa

Alhaji, ka tambaya ko kuɗin albasarka za su fi samun kwanciya a ƙaramin gidan kuɗi na iyali guda, wanda ɗa yake gada daga uba, ko a babban banki mai rassa a Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru.

Bankin gado tsohon abu ne a duniya. A Landan akwai C. Hoare & Co, wanda Richard Hoare ya kafa a 1672, kuma har yau yana hannun zuriyarsa. A ganina jarin irin wannan gida sunansa ne, domin wanda sunan kakansa yake rubuce a bakin ƙofa yana jin kunyar cin amana. Manajan ya san mahaifinka, ya kuma san cewa albasa sai ta kwana a rumbu har damina kafin ta yi daraja, saboda haka idan biyan bashi ya makara da wata guda, zai kira ka ku zauna a kan tabarma ku daidaita. Babban banki kuwa takardar fili zai nema da mai tsaya maka, sannan a tura takardunka Duwala ko Yawunde, inda wanda bai taɓa ganin fuskarka ba zai yanke hukunci.

Amma sanayyar nan tana da nata ciwo. Mai gidan da ke jin nauyin surukinsa yana iya ba shi bashi daga ajiyar jama'a, kuma ranar da ya rasu, rigimar rabon gado takan shiga har cikin asusu. A nan babban banki ya fi, domin FOGADAC, asusun lamunin ajiyar banki na Afirka ta Tsakiya, yana lamunce ajiyar mutum har sefa miliyan 5 idan banki ya rushe, ga sauƙin tura kuɗi zuwa Duwala ko Njamena.

Kafin ka ajiye ko sisi, ka nemi ganin lasisin gidan gadon. Hukumar COBAC ce ke sa ido kan bankuna a ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, kuma tun 2002 aka raba ƙananan gidajen kuɗi aji uku, ga biyu daga ciki: na farko mambobinsa kaɗai yake yi wa aiki, na biyu ne yake karɓar ajiyar kowa.

Da ni ne, Alhaji, uwar kuɗin zan kai babban banki, in bar na juyawar kasuwa a gidan gado don a san ni kafin lokacin sayen iri.